Taubashina a Ƙarƙashin Kwando

Ni da ɗan kawuna muna da wani wasa da muka fara tun muna samari. Duk inda na hango shi hankalinsa yana wani wuri, sai in jefe shi da abin da ke hannuna. Lemun tsami ne, albasa ce, wani lokaci har hulata. Ba na yi masa magana kafin in jefa, shi kuma ba ya juyowa. Hannu kawai yake ɗagawa, abin ya shige tafinsa, ya ci gaba da zancen da yake yi. In lemo ne sai ya sa a aljihu, ya ce bawa ya kawo wa ubangidansa gaisuwa. Uwata ƙanwar babansa ce, don haka taubasai muke. Tun da na yi wayo ban ji ya kira ni da wani abu ba sai "bawana". Ni kuma ina ce masa tsohon kada.

Ƙauyenmu a bakin kogi yake, kudu da Abu Hujar. In damina ta yi nisa ruwa ya cika ya yi ja, kogi yakan ɗauko itatuwa daga sama, gumaguman bagaruwa da na gawo, wasu har da saiwarsu. Akwai gidajen da aikinsu ke nan a wannan lokaci, kamun itace. Gidan kawuna yana cikinsu. Ƙa'idar a bayyane take: itace na wanda ƙugiyarsa ta fara kama shi ne. Wanda bai san aikin ba, da ya hango gungume sai ya faɗa ruwa ya bi shi, ruwa ya gajiyar da shi, gungumen ya tafi abinsa. Kawuna bai koya wa ɗansa bin itace ba. Ya koya masa ya shiga ruwa iya ƙirji a ƙasan kwanar da kogi ke dukan gaɓa ya dawo, ya kafa ƙafa, ya jira. Wurin tsayuwar yana canzawa da cikar ruwa. Da ƙafa ake gane shi, ta yadda ruwa ke jan mutum.

Da muka girma gona ba ta ishi kowa ba, sai mu biyu muka tafi Hasahisa muka shiga masaƙa. Muna tashi daga aiki da auduga a hanci da gashin ido. Bayan nadi, wato kulob ɗin ma'aikata, akwai wani filin siminti da ya tsattsage, da allon katako biyu, kowanne da zoben ƙarfe. Mu ba ƙwallon kwando muka je nema ba. A filin ƙwallon ƙafa ne ba a zaɓen baƙi, sai muka gangaro nan inda kullum ake neman cikon mutane.

Ni Allah Ya ba ni hannu. Ban daɗe ba na iya jefawa daga nesa. Shi kuwa ko a gindin kwando ka ajiye shi sai ya kuskure, ana dariya yana dariya. Ba dogo ba ne. Faɗi gare shi, da ƙafafu kamar turmi. Amma tun makon farko aka lura da wani abu. In an jefa ƙwallo ba ta shiga ba, ta bugi zobe ko allo ta dawo, a hannunsa take ƙarewa. Akwai wani dogo daga sashen rini da ya fi shi tsawo da kai guda. Mutumin nan ya yi tsalle har ya gaji, yana saukowa hannu wofi, taubashina ya riga ya rungume ta a ƙirji, gwiwoyin hannu a buɗe, yana neman inda nake.

Wata rana bayan wasa muna shan shayi a ƙofar nadi, mutane suna yaba hannuna. Taubashina ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ku tambaye shi wa ke mayar masa da ita in ya zubar."

Na ce, "Ai aikin kada ke nan. Ya kwanta a gindi yana jiran abin da ya faɗo."

"Kada dai bai kwana da yunwa, bawana."

Da muka kama hanyar ɗaki na tambaye shi yadda yake sanin inda za ta faɗo. Ya ce, "Hannunka na sani. In ka gaji gwiwarka ba ta lanƙwasawa, sai ta bugi bakin zobe ta dawo tsakiya. In ka jefa daga kusurwar dama wucewa takan yi, ta faɗo hagu. Tun ba ta bar hannunka ba ni ina can."

Na ce, "Wato kullum jira kake in kuskure."

"Kullum. In ta shiga mi na rasa? In ba ta shiga ba ina wurin."

Maganar ta sosa ni a ranar. Daga baya ne na gane dalilin da hannuna ba ya rawa in zan jefa. Na san akwai mutum a ƙasa.

Dogon nan na sashen rini kuwa, ba da tsalle taubashina yake cinsa ba. Da an ɗaga hannu za a jefa, sai ya nemo shi, ya juya masa baya, ya manne da shi, ya ɗan durƙusa. In dogon ya matsa dama ya bi shi, in ya matsa hagu ya bi shi, ba tare da ya waiwaya ba. Yana cewa bayansa yana gani, gefen idonsa ma yana gani. Ya sha gwiwar hannu a baki. Ɗan yatsansa ɗaya ya karye ya warke a karkace. Ban taɓa jin an tafa masa ba. Ni ake tafa wa.

Masaƙa ta yi ta ja da baya har injuna suka yi shiru. Muka dawo gida, kowa ya yi aure, na kama gonar bakin kogi, shi ya koma ruwa da ƙugiyar babansa. Shekaru suka tafi. Nadin ƙauyenmu ya samu talabijin mai aiki da hasken rana, kuma da yamma akan maimaita wasan ƙwararru na ƙasashen waje, waɗanda ƙwallon kwando ce sana'arsu. Samari sukan tashi tsaye in wani ya yi sama ya danna ta cikin kwando. Taubashina ba can yake kallo ba.

"Ku bar dogon nan," yakan ce musu. "Ku dubi wancan mai ɗaurin gwiwa. Tun ana can ana miƙe-miƙe ya fara matsawa. Ga shi, ya sa wa mutum baya. Ya yi tsalle bai samu ba, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya sake tashi. Tashi na biyu shi ne aikin. Kuma hannu biyu ya sa, bai mare ta da hannu ɗaya don a gan shi ba."

Wani saurayi ya ce masa da Larabci ai wannan mutaba'a ce kawai, wato tare ƙwallon da aka kuskure, ba ita ke kawo nasara ba. Ya ce, "Ya zol, ɗan samari, kira ta abin da kake so. Wanda ba ya da ita a hannu ba ya jefawa."

Wata ranar kasuwa na hango shi zaune a rumfar mai jabana, inda ake shan gahawa, yana fuskantar titi. Na zagayo ta hagunsa da lemo a hannu, na jefa yadda na saba. Lemon ya same shi a kunci, ya faɗi cikin ƙasa ya gangara ƙarƙashin benci. Hannunsa bai ko motsa ba. Sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan ni.

Mutanen rumfa suka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce, "Bawa ya fara dukan ubangida, duniya ta zo ƙarshe." Ni ban iya dariyar ba. Na durƙusa na ɗauko lemon, na share shi da rigata.

Matarsa ce ta matsa har ya je wurin likitan ido a birni. Aka ce moya zarga ce, ruwan ido irin wanda ba a cirewa. Daga gefe take fara cin gani, ta yi ta matsowa tsakiya, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta bakin tulu. Abin da ya tafi ya tafi. Aka ba shi maganin ɗigawa da zai riƙe sauran. Yana ɗigawa, muna zuwa birni muna sayowa, har yaƙi ya zo hanyoyi suka rufe. Kwalbar ƙarshe matarsa ta yi ta jinkirta ta, yau a ɗiga gobe a bari, har ta ƙare.

Yaƙin ne kuma ya koro babbar 'yarsa daga yankin Jazira da 'ya'yanta, ba miji, ba kaya. Ya tayar mata da ɗaki na ƙasa a cikin gidansa. Bango ya tsaya, saura rufi, kuma rufi yana buƙatar mirig, babban itacen da ake gittawa a tsakiya ya ɗauki sauran. Damina ta riga ta shigo, suna kwana a cunkushe a ɗakin uwar. Ana samun mirig a kasuwa. Ya ce shi bai taɓa shigar da itacen kasuwa gidansa ba, babansa ma haka, kuma 'yarsa ba za ta kwana ƙarƙashin itacen da wani ya kamo ba alhali yana da rai. Ruwa na cika zai shiga.

Matarsa ta same ni a gona. Ba ta saba zuwa ba. Ta tsaya a bakin kunya ta ce, "Ɗan gwaggo, ka yi masa magana. Jiya ƙofa ta buge shi a kafaɗa, ƙofar gidansa. In gungume ya zo masa ta gefe fa?"

Na ce, "Ni kuwa wace magana tawa ya taɓa ɗauka da gaske?"

Ta ce, "To wa zan aika?"

Na je da yamma, na same shi yana murza sabuwar igiya a kan cinya. Na zauna a gabansa sosai, inda zai gan ni.

Na ce, "Bana ka bar wa yara ruwan nan."

"Yau kuma bawa ne ke ba da izini?"

"Ba wasa nake ba."

"Kai da ba ka iya iyo ba sai ka sha rabin kogi, kai za ka gaya mini ruwa?"

"Idonka nake nufi."

"Idona na ganin muninka sarai. Da ya mutu ai da na huta."

Haka muka yi ta yi. Duk abin da na faɗa sai ya mayar da shi wasa, kuma ba laifinsa ba ne, tsakaninmu ba mu da wata hanyar magana. Mun binne iyaye tare muna tsokanar juna a hanyar maƙabarta. Da na ga ba zan hana shi ba, sai na ce to zan tsaya a kan gaɓa in riƙa gaya masa ta inda itace ke zuwa.

Ya ci gaba da murza igiya. Can ya ce, "Ka tsaya. Amma kada ka gaya mini inda zan tsaya. Wanga ba aikinka ba ne."

Ruwa ya cika. Kogi ba ya kawo itace kamar da, tun da aka daddatse shi a sama, sai mutum ya wuni bai ga abin kirki ba. Muka yi kwanaki muna fita bayan asuba. Yana shiga iya ƙirji a ƙasan kwana, ya matsa nan, ya matsa can, yana lalube da ƙafa, har ya samu wurin da ya gamsu da shi, ya kafe. Ni ina sama a kan gaɓa. Samari masu ƙugiya suna ƙasa da mu, sun bar masa kwanar don girmamawa. Rassa suna wucewa, da karan dawa, da mushen akuya. Ina kiran kowanne yana cewa, "Bar shi, bawana, na girki ne."

Ranar da gungumen ya zo, hantsi ya yi. Na hango shi tun daga nesa, baƙi, miƙaƙƙe, bagaruwa ce da ta isa mirig har da saura. Yana tsakiyar kogi, nesa da inda taubashina yake. Zuciyata ta ce wannan zai wuce ta can. Na ce, "Ga babba nan tafe, amma yana tsakiya."

Ya ce, "Zai zo."

Ya matsa taku kaɗan zuwa baya, ya gyara riƙon ƙugiya. Gungumen ya isa kwana, ruwa ya kai shi ga gaɓar can, ya bugu, ya juya kansa a hankali, ya miƙo. Kai tsaye wurin da mutumin nan yake tsaye ya nufo, kamar an aiko shi. Amma ta hagunsa ya zo.

Na ce, "Hagu. Hagunka, ga shi nan."

Ya juya kai yana nema. Na ga yadda yake nema, yana kai fuska nan da can kamar mai neman allura da fitila, ruwa ja ne ko'ina, rana tana ƙyalli a kai. Na sake kira, na ce kusa, kusa da kai. Gungumen ya zo ya goge shi a haƙarƙari. Da ya ji shi a jiki sai ya wurga ƙugiya, amma kan ya riga ya wuce, ƙugiyar ta zame a kan ɓawon da ya jiƙe ta faɗa ruwa. Ya jawo ta da sauri ya sake wurgawa. Tashi na biyu, yadda yake faɗa. Ta faɗi a ruwa wofi. Na ji samari a ƙasa suna kiran juna, na ji ƙugiyarsu ta kama.

Ya daɗe a tsaye a wurin, ruwa yana raba kansa a ƙirjinsa. Da ya juyo zai fito, bai san ta inda gangaren yake ba, sai na sauka na shiga ruwa iya gwiwa na kama hannunsa. Bai fizge ba. Muka hau tare. Gefen jikinsa ya kuje, jini yana tsattsafowa.

Ya zauna a kan gaɓa yana naɗe igiyar a gwiwar hannu, a hankali, yadda babansa yake naɗewa. Ya ce, "Wurin daidai ne ko?"

Na ce, "Daidai ne. Da ka miƙa hannu da ka taɓa shi."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini igiyar da ƙugiyar, ya ce, "Riƙe mini. Na gode, ɗan gwaggona."

Ban taɓa jin wannan a bakinsa ba. Na so in ce masa tsohon kada ya tsufa, ko wani abu irin wannan, amma sai na karɓi ƙugiyar kawai.

Da la'asar samarin suka turo gungumen a kan amalanke har ƙofar gidansa. Babbansu ya ce, "Baba, naka ne. Wurinka ya zo, mu tare shi kawai muka yi." Kowa a wurin ya san ƙa'ida, shi ya fi kowa sani. Na zaci zai ce su mayar. Ya fito yana dafa bango, ya shafa itacen tun daga kai har gindi, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsansa karkatacce ya saurara. 'Yarsa tana tsaye a bakin ɗakin da ba rufi, da ƙaramin ɗanta a baya. Ya ce, "Itace ne mai kyau. Allah Ya yi muku albarka. Ku shigo da shi."

Shi ne a kan ɗakinta yanzu. Bai sake shiga ruwa ba. Ƙugiyar tana rataye a zaurena, bai tambaye ta ba.

Ganin da ya rage masa ya ƙara matsewa. In wutar nadi ta samu aka sa wasan ƙwararru, nakan biya in ɗauko shi, mu zauna a bencin gaba. Na shiga ajin manya na koyi karatu da rubutu, don haka ina iya karanta masa abin da ke rubuce a gefen allo, wa ke gaba, saura minti nawa. Wannan bai dame shi ba. In ya ji samari sun yi tsaki ya san an kuskure, sai ya taɓa gwiwata.

"Wa ya tare ta?"

"Wani mai faɗi, ba dogo ba."

"Ina yake tsaye kafin a jefa?"

Da farko ba na iya amsawa, don idona ƙwallo yake bi, kamar na kowa. Dole na koyi barin ta a sama in dubi ƙasa, inda mutane ke turereniya babu mai kallonsu. Yanzu ina gaya masa: ya zagayo ta bayan allo, ya sa wa dogon baya, ya tsaya hagu tun mai jefawa bai ɗaga hannu ba. Sai ya ce, "To ya san hannun ɗan'uwansa."

Har yau ina zuwa masa da lemo, amma a tafinsa nake sa masa. Kwanan baya na miƙa masa ɗaya a ƙofar gida, ya ƙi rufe hannu. Ya ce, "Ka daina jefawa ke nan, bawana?"

Na ja baya kaɗan, na tsaya a gabansa daidai, na ce ga shi nan. Na jefa a hankali zuwa ƙirjinsa. Ya bugi ƙirjin, ya tare shi da hannu biyu kafin ya faɗi. Ya juya shi a tafinsa, ya sa a aljihu.

Ya ce, "Har yanzu hannunka na karkata hagu."